Sabis ɗin da na yi wa laftof ɗin Jacinta

Ni tsohon direba ne. Na ja tirela da citta daga Kafanchan zuwa Legas har gwiwoyina suka ce sun gaji, sannan na sauka na buɗe sito a bayan kasuwa. Abu ɗaya hanya ta koya mini da ban taɓa saɓawa ba: ba a shiga doguwar tafiya sai an kai mota sabis. Ko lafiyarta ƙalau, a juye baƙin mai, a hure ƙura, a ɗaɗɗaure noti.

Jacinta 'yar Dogara ce, aminina na Kagoro da muka yi zaman gareji tare. Ta gama jami'a ta sami aiki da wani kamfani na Legas, amma ba ta zuwa Legas ɗin. Laftof suka aiko mata. Takan maƙala abin magana a kunne, mutane su bugo da ƙorafinsu, ita kuma ta lallashe su da Turanci. Gidan da take haya wuta sai ta ga dama, ni kuwa ina da sola, sai na share mata ɗakin bayan sito na ce ta zauna.

Ba su riga sun ɗauke ta dindindin ba, gwaji take yi. Ran Asabar ta ce mini, "Baba Zubairu, ka sa ni a addu'a. Litinin ne final. Madam Hellen, shugabana, zai saurari duk kiran da na amsa da safe. In na wuce, shi ke nan, na zama staf."

Lahadi ta tafi sujada Kagoro ta bar laftof ɗin a caji. Na zauna ina kallon abin. Yarinya za ta yi babban lodi gobe, kuma tun da aka kawo na'urar nan ban ga an ko hure ta ba, ga ƙurar citta a sito har tari take sa mutum. Na naɗe ta a ɗankwalin uwargida na hau acaɓa zuwa shagon Saifuddeen mai gyaran waya.

"Me ya same ta, Alhaji?"

"Ba abin da ya same ta. Sabis nake so."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai ba tirela ba ce."

"Kai dai yi abin da na ce. Ubanka ma na koya masa ribas."

Ya hure ta, ya goge gilashin, ya kunna. Ya ce akwai lambar sirri, ba zai iya shiga ciki ba. Sai ya nuna mini wani ɗan ɗigo a gefe. "Amma ga afdet nan a bakin ƙofa yana jira, wannan ko ba lamba ana iya sa shi. Babba ne fa. Babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar gaba ɗaya za a sauya, kamar a sauke tsohon inji a ɗora sabo. Da alama mai ita ta daɗe tana ɗagawa."

Na ce a raina sakacin yaran zamani ke nan. Na ce, "Ɗora mata."

Nan ne wurin da nake jin kunya. Ni da na san ba a ɗora sabon inji yau a yi lodi gobe, sai an zagaya da shi an ji kukansa. Amma daɗin kalmar "sabo" ya rufe mini ido. Na mayar da laftof ɗin inda na ɗauko, na jona caji, na yi shiru ina jiran godiya.

Da safe Jacinta ta shigo da fara'arta, ta gaishe ni ta wuce ɗaki. Ina awon citta na ji ta ce, "A'a. Me ya canza mini fuskan kwamfuta?" Na yi murmushi na matso bakin ƙofa.

Ta buɗe manhajar kamfanin. Kira na farko ya shigo, ta danna, manhajar ta ɓace ɓat kamar an hure fitila. Ta sake buɗewa. Wani kiran ya shigo, ta sake mutuwa.

"Yesu! Ba yau ba, don Allah ba yau ba."

Ta kashe kwamfutar ta kunna. Haka. Ta cire abin kunnen ta sa na wayarta. Haka. Ta ce ko netwok ne, ta koma kan datar wayarta, ta matsa kusa da taga. Ta goge manhajar ta sake saukewa, tana kallon layin da ke cika a hankali tana buga ƙafa. Manhajar za ta buɗe lafiya lau, har ta gaishe ta da suna, amma da zarar murya ta nemi shigowa sai ta faɗi. Murmushina ya daɗe da bushewa.

Ta kira Henry, injiniyan kamfanin, ta sa wayar a sifika don hannunta ya samu. Turancina na bakin tashar jirgin ruwa ne, amma yana isa in gane inda magana ta dosa. Ya karɓi kwamfutar daga can Legas, na ga kibiyar nan tana yawo ita kaɗai. Ya ɗan bincika sai ya tsaya. Ya ce sabon tsarin da aka ɗora bai san yaren da manhajarsu ke yi da makirfon ba, shi ya sa take faɗuwa. Ya ce ai sun gargaɗi kowa kada ya yi afdet ɗin nan sai sun gyara nasu ɓangaren.

"Kin yi afdet?"

"Ban yi ba. Kullum ina ɗaga shi."

"Kwamfuta ta ce an yi jiya da rana."

"Jiya da rana ina coci a Kagoro! Ka tambayi kowa!"

Ya ce shi ba kowa zai tambaya ba, abin da na'ura ta nuna zai rubuta. Zai iya mayar da ita tsohon tsari, amma abin zai ci safiyar, kuma Madam tana kan layi tana jira.

Ina tsaye a ƙofa. Na taɓa yi wa kwastan bayani a kan iyaka har ya ba ni haƙuri, amma a gaban yarinyar nan sai na juya na koma wurin sikeli. Na auna buhu ɗaya na manta nawa ya yi. Ina jin ta a ciki tana rantsuwa da muryar kuka, ana ce mata maƙaryaciya cikin ladabi.

Na koma. "Jacinta, kashe maganar nan tukuna."

Ta danna. Na gaya mata duka, har ɗankwalin.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da na fi jin sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Baba, ka fitar da shi daga ɗakin nan? Wani ya taɓa?"

"Saifuddeen ne, hurewa da afdet ɗin kawai ya yi, bai shiga ciki ba. Ba ni Madam ɗin. Ni na yi ɓarna, ni zan faɗa da bakina."

Ta janye wayar ta rungume a ƙirji. "Kada ka soma. Na sa hannu cewa ba wanda zai taɓa laftof ɗin nan sai ni. Bayanan kwastoma ne a ciki. Afdet laifi ne, za su yi faɗa. Amma in suka ji ya je shagon mai gyara, yau ɗin nan za su kore ni, ba ma sai sun saurari kira ba."

"To ya za a yi, 'yata?"

"Ka fita, Baba."

Ban fita da nisa ba. Daga bayan buhuna na ji ta kira Madam Hellen. Ta ce ita ta danna afdet ɗin da kuskure, tsoro ne ya sa ta musa. Yarinyar da ubanta ke alfahari ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ta yi ƙarya cewa ta yi ƙarya. Na ji tana ta cewa a yi haƙuri, Madam na magana doguwa.

Rana ta take Henry ya gama mayar da tsohon tsarin. Kira ya shigo, manhajar ta tsaya daram, amma mai sauraro ta riga ta tashi.

Da la'asar Jacinta ta fito da jakarta a kafaɗa. Ba su kore ta ba. Sun ƙara mata wa'adin gwaji, sun kuma rubuta mata gargaɗi cewa ta ɓoye gaskiya. Waɗanda suka shiga tare da ita duk an ɗauke su.

"Babana ba zai ji wannan ba," in ji ta. "Zai zo ya yi maka faɗa a kasuwa, magana ya fita."

"Ba zai ji ba. Amma ki gaya mini abin da zan yi. Ko mene ne."

Ta dubi ƙofar ɗakin bayan.

"Makullin ɗakin nan nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a gida."

"Ka ba ni duka."

Na zaro na aljihuna na miƙa mata. Na ce na gidan zan kawo da safe. Ta ce a'a, za ta jira a nan in je in ɗauko. Na tare ɗan acaɓa.