Waƙar Kunnuwa

Mai talla irin mutumin nan ne da in ka yi atishawa mai daɗi a gabansa sai ya ce ka sake ya naɗa. Aikinsa haɗa waƙoƙin tallan rediyo, a wani ɗan ɗaki da ya manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Ran nan kamfanin katifa ya ba shi aiki, irin wanda in ya karɓu, shi da kwalin ƙwai sun yi sallama ke nan.

Ya yi ta fama, kai ya ƙi kawo komai, sai ya ji bakinsa yana rera waƙar da kakarsa ke yi musu suna yara, wadda ke cewa ruwa ya sauka ba daga sama ba, Kunnuwa ya haƙa tafki a shimfiɗa. Katifar kuwa abin da ake yabonta da shi ke nan, ba ta shan ruwa. Da manajan kamfani ya ji ta, ya yi dariya har da hawaye, ya ce a kawo shaidar waƙar ba ta kowa ba ce, a fara sa ta.

Wannan ai mai sauƙi ne, in ji mai talla, tsohuwar waƙa ce ta kowa da kowa. Ƙanwarsa lauya, wadda ba ta yarda da ko gaisuwa sai ta bincika, ta ce ba haka ake yi ba. Waƙa ba ta zama ta jama'a sai an daɗe da mutuwar mai ita, don haka su je su tambayi Kaka inda ta koyo ta.

Suka tarar da ita a falo tana gyaran farce. Babansu, tsohon shugaban makaranta da har yau ɗalibansa ke gyara tsayuwa in sun hango shi, yana gefe da jarida. Mai talla ya durƙusa ya tambaya a bakin wa ta fara jin waƙar.

"A bakina," in ji Kaka. "Ni na yi abata."

Lauya ta gyara tabarau, ta yi bayanin cewa ashe mai waƙa na da rai, kuma sai bayan ta rasu da shekaru masu yawa kowa zai iya ɗauka. Kaka ta ce oho, ashe mutuwarta suka zo dubawa, to su koma, da sauranta. Mai talla ya shiga lallashi, ya kira ta amaryarsa, ya yi alkawarin sabuwar katifa. Sai can ya tambayi abin da bai taɓa tambaya ba, wai shin wane ne Kunnuwa.

Kaka ta nuna jaridar Baba da baki. Jaridar ta rufe fuskar Baba gaba ɗaya, amma kunnuwan nan biyu, Allah ya yi musu albarka, suna waje ta kowane gefe.

Mai talla ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Abokan Baba na ƙuruciya da suka san sunan suna nan da ransu, kuma duk suna jin rediyo.

"Waƙar tawa ce, na ba ka," in ji Kaka. "Amma fitsarin nasa ne. Shi za ka tambaya."

Baba ya naɗe jarida a hankali. Bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Ya ce a'a, ba don kunya kaɗai ba. A lokacin yana yaro, ciwo ne ya kwantar da shi, ana ganin ba zai tashi ba, ita kuma Kaka ta mai da abin wasa don ya daina kuka in ya farka a jiƙe. Ya ce bai so a sayar da katifa da ita.

Mai talla ya fito jiki a sanyaye, ya san aiki ya tafi. Yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa sai ya ji muryar Kaka, ƙasa-ƙasa, tana rera wani baiti da bai taɓa ji ba, mai cewa jiƙa mini duk abin da ka ga dama, kai dai ka wayi gari. Baba yana taya ta.

Na'urar naɗar murya na aljihunsa, yatsansa ma har ya hau maɓalli don sabo. Ya tsaya ya saurara har suka kai ƙarshe, sannan ya zare hannunsa ya ja musu ƙofa.