Ranar da Ƙafar Ja'afaru Ta Daina Ciwo

Manal ba likita ba ce, ko da yake a unguwarsu ta Mansur a Makka kowa daktora yake ce mata. Aikinta a asibiti shi ne ta karanta abin da likitoci suka yi wa mutum, ta ba kowane aiki lambarsa a kwamfuta. Akwai lambar da ta haddace kamar sunanta, wato ta aikin soka allura cikin tsoka a auna matsin da ke ciki. Idan ƙafa ta bugu ta kumbura, nama ya rasa wurin buɗawa, jini sai ya daina shiga. In an auna da wuri, a tsaga fata a ceci ƙafar. In an makara, wata lambar ce ke biyo baya, Manal ba ta son ko ganinta.

Lokacin Hajji ba ta kwana gida, aiki ya yi mata katutu. A waya mahaifiyarta Ummulkhairi ta gaya mata cewa amalanken kaya ya danne ƙwaurin mahaifinta Ja'afaru a Muzdalifa, wajen sayar wa alhazai shayi. An kai shi wurin mai ɗori, ya jera kara ya ɗaure tamau. Manal ta sa aka miƙa wa mahaifin nata wayar.

"Abuya, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, ya binti. Yi aikinki."

Da sauƙi! Mutanenmu ke nan. Ko ran mutum na fita, abin da zai ce ke nan, balle dattijo a kunnen 'yarsa. Ashe cizon bakin rawani yake yi don kada a ji nishinsa. Ita kuwa ta san tambayoyin da ya kamata a yi, kullum tana karanta su, amma kunya ta hana ta tsare uba da bincike.

Da ta samu ta leƙo gida wata safiya, sai ta tarar Ummulkhairi na raba wa maƙwabta waina.

"Sadaka ce, Manal. Allah ya amsa, tun jiya ciwon ya ɗauke ɗif, har barci ya yi."

Manal ta nufi ɗakin mahaifinta da sauri. Ta sha karanta irin wannan labari, ta san abin da ɗaukewar ciwo take nufi. Ta durƙusa ta yaye zanen da aka rufa masa. Yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi ƙalau. Ta mintsini babban, Ja'afaru yana ta murmushi, bai ma san an taɓa shi ba.

A asibiti ta ga allurar da idonta karo na farko, 'yar siririya, ba ta kai ta kawo ba. Likita ya soka, ya dubi na'urar, ya sa aka wuce da shi ɗakin tiyata. Suka tsaga, suka tarar nama ya riga ya mutu. Da likitan ya fito, ya yi wa Manal bayani a tsaye, ya ce sai an samu yardar mai ƙafar.

Ja'afaru ya farfaɗo ya ganta a gefen gado tana kuka ba sauti.

"Ke da kike 'yar gida a nan, ba ki gaya musu ta daina ciwo ba?"

"Na gaya musu, Abuya."

"To me suka ce?"

Ta nemi kalma mai taushi a Larabci, ta nema a Hausa, ba ta samu ba.

"Yanke ta za su yi. Daga gwiwa."

Ya daɗe yana kallon tudun da ƙafar ta yi a ƙarƙashin bargo.

"In sun yanke, binne ta ake yi?"

"Binnewa ake yi."

"A nan Makka?"

Ta gyaɗa kai.

"To, ta riga ni," in ji shi. "Kira su."