Hoton Ƙeya

Shagon kitson Gwaggo kujeru uku ne da madubi biyu, sai wani labule da ya raba 'yar kusurwa da sauran ɗakin. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana kitso a ciki, har ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu, ta miƙa wa Auta, 'yar ƙanenta, makulli. Zuwa dai ba ta daina ba. Kullum tana bakin ƙofa tana yi wa Auta kitso da baki: "Tsagar nan ta karkace. Ke ba kya gani ne?"

Wata huɗu da karɓar makulli aka buɗe sabon salun a tsallaken titi, mai ƙofar gilas da na'urar sanyi da 'yan mata masu riga iri ɗaya. Kwastomomi suka fara tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, masu kunya cikinsu har su ɗago wa Gwaggo hannu kafin su shige. Ran da Auta ta wuni ba ta taɓa kan kowa ba sai nata, ta ji mai gyaran waya na maƙwabta yana cewa ai shagon ya mutu tun ranar da tsohuwa ta ajiye tsinke. Maganar ta tsaya mata a rai. A ce a hannunta ya mutu, Gwaggo na zaune tana kallo.

Shi ya sa ta shiga horon wani mai koyar da dabarun kasuwanci da ake ce wa Koci.

Koci mutum ne mai kwat ko rana ta take, da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. A katinsa an rubuta Dakta, ba a dai taɓa jin abin da yake warkarwa ba. Ya ce ya ɗaga masu sana'a dubu daga ƙasa. Shi kansa ba a san ya taɓa sayar da ko allura ba, in ban da horon. Kwana biyu suka yi a zauren wani otal suna tafi sau uku suna cewa "Ni babba ce!" Daga nan aka ba kowa satifiket, aka zuba su a guruf ɗaya a waya.

Har shago Koci ya zo duba ɗalibarsa. Ya dubi kujeru, ya dubi labule, ya girgiza kai kamar likitan da aka kira a makare.

"Mama," ya ce wa Gwaggo, "a tsawon shekarun nan, wace ce kwastomar mafarkinki?"

"Wadda ta wanke kanta kafin ta zo."

Ya yi dariya shi kaɗai, ya juya ga Auta. "Kin gani? Tsohon tunani. Kwastoma ba kitso take saya ba, labari take saya. Daga yau, duk mako hoto biyu a shafinki: kafin, da bayan."

Da ya fita Gwaggo ta ce, "Wannan a wane shago ya koya?"

"Gwaggo, Dakta ne fa."

"To, Allah ya ba marasa lafiyarsa haƙuri."

Mako uku Auta tana ɗora hotuna. Masu danna alamar so biyu ne: 'yar ƙanwar babarta, da Koci. A mako na huɗu ya turo saƙon murya a guruf, kowa na ji. "Auta, ina ciwo? Ba na ganin ciwo a hotunanki. Kai lafiyayye ya shiga, kai lafiyayye ya fito, wa zai tsaya? Nemo mini kan da ke kuka."

Akwai kuwa irin kan a shagon. Na Malama ne.

Malama ita ce shugabar makarantar 'yan mata da ke bayan kasuwa, kuma tana cikin 'yan kaɗan da ba su tsallaka titi ba. Wata biyar ke nan tana zuwa duk bayan mako biyu, ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe, ta shige bayan labule. Maganin da ake ɗura mata a asibiti yana zubar mata da gashi, dunƙule-dunƙule. Gwaggo ce ta fito da dabara: a kama ɗan abin da ya rage a sassauce, a ɗinka hular gashi a kai, ta yadda ko ɗankwali ya zame ba za a gane ba. Auta ke ɗinkin, Gwaggo na faɗa mata inda za ta sa allura. Malama ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, ba ta gaya wa 'yarta mai shirin jarrabawar fita ba. Ko a shagon ba a taɓa kiran sunan ciwon ba. In an ja labule Gwaggo kan ƙara muryar rediyo, shi ke nan.

Asabar ɗin Gwaggo ta fita neman ruwan zafi. Malama na zaune, ta cire ɗankwali, ta rufe ido don gajiya. Auta ta ɗauko waya kamar za ta duba lokaci. Ta ɗauki hoto ɗaya, na kafin. Da aka gama ta ce, "Malama, bari in ga ko bayan ya zauna," ta ɗauki ɗaya, na bayan.

Ba fuska a ciki, ta ce wa kanta. Ƙeya ce kawai. Wa ya san ƙeya?

Ta ɗora da azahar, da rubutun da Koci ya gyara mata: Ta shigo da hawaye, ta fita da murmushi. Malama ba ta yi ko ɗaya ba, amma Koci ya ce haka ake yi.

Kafin la'asar wayar ta yi zafi. Masu dannawa ɗari, ɗari biyar, dubu. Auta na murna tana karanta sharhi, har ta zo kan wani: "Wallahi Malama ce. Shekara uku na yi ina kallon tawadar Allah ɗin nan ta ƙasan kunne tana rubutu a allo." A ƙasa wata ta ce, "Ita ce. Innalillahi." Wata kuma, "Me ya same ta?"

Sai a lokacin Auta ta tuna mece ce sana'ar matar. Shekara ashirin tana juya wa aji baya. Rabin matan unguwar sun fi sanin ƙeyarta a kan fuskarta.

Ta goge. An riga an kwafa.

Ranar Litinin shago ya cika. Kujeru uku ba su isa ba, aka aro benci wajen mai gyaran waya. Wasu kitso, wasu wankin kai, wasu ma jiya aka yi musu a tsallake suka zo a tsefe. Kowacce da zarar ta zauna sai ta rage murya. "Auta, tsakani da Allah, wane iri ne? Ya ci jiki?" Akwai kuma biyu da suka jira har aka ragu, suka dubi labule, suka ce su ma suna da matsala. Koci ya sa hotonta a guruf da kofin zinare a gefe: Ɗalibar Mako.

A bakin wata mai shiga Gwaggo ta ji, don ita wayarta ba ta hoto. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Auta ta cikin madubi, ta daɗe, sannan ta ce wa matar, "Hajiya, sunkuyar da kai, ana aiki." Har aka tashi ba ta gyara tsaga ko ɗaya ba, alhali Auta ta san biyu sun karkace.

Ranar Laraba da tsakar rana Malama ta shigo. Surutu ya ɗauke. Ba ta nufi labule ba. Ta tsaya gaban kujerar tsakiya har wadda ke kai ta tashi da rabin kitso, ta zauna, ta cire ɗankwali, ta ninke shi a cinya.

"Malama, don Allah..."

"'Yata a waya ta gani, a motar haya," in ji Malama, da muryar da take kiran suna a aji. "Jiya ba ta shiga jarrabawa ba. Mahaifiyata tana kwance. Makaranta sun ce in je in huta, sun kuma gode da hidimata." Ta taɓa hular. "A warware wannan. A aske sauran. Ba abin da ya rage da za a rufe."

Auta ta miƙa hannu ga almakashi.

"Ba ke ba," in ji Malama.

Gwaggo ta taso. Yatsun nan ba sa riƙe cokali sosai, amma ta sa su cikin almakashi, ta fara tsinke zaren ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Aikin minti goma ya ɗauke ta kusan awa. Sau biyu almakashin yana faɗuwa, Auta na sunkuyawa, Gwaggo na riga ta da ƙafa ta jawo. Mata goma sha na zaune, ba mai tari. Da aka kunna injin aski wata tsohuwar ɗaliba ta fashe da kuka, Malama ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ke, yi mana shiru," ta kuwa yi.

Da aka gama Malama ta dubi kanta a madubi, dama da hagu, ta ɗaura ɗankwali.

"Hajiya," ta ce wa Gwaggo, "ana cewa yana tsirowa daga baya. In ya tsiro, in ina nan, a ina zan same ki?"

"A gida. Zo in nuna miki ƙofar."

Gwaggo ta yafa mayafi, ta kama hannun Malama, ko Malama ce ta kama nata, suka fita. Auta ta bi su har bakin titi.

"Gwaggo, gobe da ƙarfe nawa zan turo a ɗauko ki?"

"Koma. Mutane na jiran ki. Ba su kika nema ba?"

Ta koma. Benci cike, har da masu tsayuwa. Mai rabin kitso ta dawo kujerarta, ta dubi wayar da ke ƙara a kan tebur, sunan Koci na haske.

"'Yar nan," ta ce, "sa wannan abin a durowa tukuna. Ki kulle, ki ba ni makullin in riƙe."

Auta ta sa, ta kulle, ta ba ta. Ta ɗauki tsinke ta ja tsaga.