Kwanon Baffa

Ni na kori Yaji. Gara in faɗa tun farko, don yayana Hussain ya iya ba da labarin nan ta yadda ba mai laifi sai ajali.

Mahaifinmu Alhaji Sajo, da muke kira Baffa, dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum tun kafin a haife mu. Bayan Babbar Salla shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun hagu da ƙafa suka mutu, dama ta rage masa. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Ni ina aure a Gombe, Hussain yana Abuja. Sai Yaji ya kawo kansa. Mutumin ƙauyen Mamudo ne, ya ba hamsin baya, ya yi shekaru yana kora wa Baffa shanu. Bai taɓa shiga aji ba. Shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi, shi ke karɓo abinci daga gidan Goggo Delu, ƙanwar Baffa.

Wata Asabar na dira unguwarmu Dogo Tebo ba sanarwa. Ina shiga gida, me zan gani? Yaji zaune a bakin ɗaki yana feƙe asuwaki, ƙofa a jawe. Na tura. Ga Baffa shi kaɗai, kwanon tuwo a cinya, miya ta ɗiɗɗiga a gaban rigarsa. Yana ganina ya ajiye cokali, ya ja murfi ya rufe.

Wallahi idona rufewa ya yi.

"Malam Yaji, wannan ce jinyar? Tsoho yana fama da hannu ɗaya, kai kana waje kana shan iska?"

"Hajiya, haka yake so."

"Haka kake so dai!"

Nan take na kira Hussain. Dama abin nema ya samu, ya daɗe yana yi min tallar wani kamfanin jinya a gida da aka buɗe a gari: ma'aikata masu takarda, masu farar riga, ana canjin su safe da yamma. Dokarsu ita ce ba a barin majinyaci shi kaɗai da abinci, kada ya ƙware. Na ce madalla. Har na ƙara tawa, ni mai wayo: duk cin abinci a ɗauki hoto a turo mana a waya.

Yaji bai yi musu ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa, ya durƙusa ya yi wa Baffa sallama da Fulatanci. Baffa ya kau da kai wajen bango.

Ba zan yi wa ma'aikatan nan ƙarya ba, sun yi abin da aka koya musu. Ɗaki fes, magani a kan lokaci. In an kawo abinci mutum ya tsaya a kan Baffa, tawul a kafaɗa, waya a hannu. Baffa ya taɓa baki sau ɗaya ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi." Su ɗauke, su rubuta mana cewa ya ci kaɗan. Tunda kuma ba a mayar wa mutane kwano da abinci a ciki, sai su juye wa maƙwabta su wanke. Goggo Delu tana ganin kwano ya dawo wayam, tana ta godiya ga Allah, Yaya ya samu bakin ci. In na kira Baffa kuwa amsarsa ɗaya ce: "Jam tan." Lafiya lau.

A mako na uku ne na buɗe wani hoto na kusanto da shi. Zoben azurfar Baffa, wanda tun ina yarinya yake ƙaramin yatsa, ya koma na tsakiya. Ashe ramewa yake yi.

Washegari ina Mamudo. Na tarar da Yaji a gonar wake. Na haɗiye girman kaina na gaya masa komai.

Ya ce, "A gabansu suke so ya ci? Hajiya, Alhaji Bafulatani ne na da. Ko a daji muke, sai ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma bayan bishiya. Balle yanzu da miya ke zubo masa. Ni ina bakin ƙofa ne ina jin ƙarar cokali. In ya yi tari in shiga. In na ji murfi, ya gama."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Na ce miki haka yake so. Kuma ke 'yarsa ce. Kin taɓa ganin yana tauna?"

Ban taɓa ba. Shekarata arba'in da ɗaya. Innarmu kan kai masa kwano ɗaki ta jawo ƙofa, mu kuwa muna tsakar gida muna wasa, ban taɓa tambayar dalili ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse a cikin kunyar waken nan.

Da azahar muka iso gida. Na sallami mai farar riga. Yaji ya dama fura da nono da hannunsa, ya gyara wa Baffa zama, ya ajiye kwano a cinyarsa, ya sa masa ludayi a hannun dama. Muka fito, ya jawo ƙofa, muka zauna a ƙasa.

Muna ji ludayi ya taɓa kwano. Ya sake taɓawa. Sai wani abu ya faɗi a siminti.

Yaji ya shiga, ina bayansa. Ludayi a ƙasa, fura a zube a kan zani. Hannun Baffa yana kan bakin kwano. Yana so, wallahi yana so, ƙarfin ɗagawa ne babu.

Kwana biyar ya yi a asibiti, da roba a hanci ana ɗura masa kunu, a babban ɗakin maza, kowa yana kallo. Bai sake buɗe ido ya dube ni ba har ya rasu.

Hussain har gobe cewa yake mun yi iya ƙoƙarinmu. Ni kuwa hotunan suna nan a wayata, sun fi hamsin, na kasa gogewa. A kowane ɗaya Baffa yana zaune tsaf cikin riga mai tsabta, kwano a gabansa, bakinsa a rufe, yana jiran a fita.