Kabarin Tasi'u a Difa

Da hantsi Hindatu da surukinta Malam Idirisu suka sauka daga bas ɗin Miga a Dutse. Tsohon yana tafe yana jan ƙafa, ita kuma tana biye da shi a baya. Sun yi wannan zirga-zirga har yaran mota sun san su.

Mijinta Tasi'u soja ne. An tura shi bakin Tafkin Chadi cikin rundunar haɗin gwiwa ta Najeriya da maƙwabtanta. Ranar da nakiya ta tashi da motarsu, sojojin Nijar ne mafi kusa, su suka ɗauke shi zuwa asibiti a Difa. Can ya cika, can aka rufe shi a maƙabartar da ke cikin bariki. Malam Idirisu bai taɓa ƙorafi a kan haka ba. Burinsa kawai ya tsaya a kan kabarin ɗansa ya yi masa addu'a kafin ƙarfinsa ya ƙare.

A ofishin da ke kula da iyalan sojoji, Kyaftin Musaddiq ya miƙe ya ba tsohon kujera. Shi ma da gani a gajiye yake.

"Baba, gara in gaya muku gaskiya," in ji shi. "A da, akwai jami'inmu zaune a wajensu, waya kawai zan buga masa a buɗe muku ƙofar bariki. Yanzu Nijar ta fita daga rundunar, ba ni da wanda zan kira."

"To faɗa muke da su ne?" Malam Idirisu ya tambaya.

"A'a, Baba, ba faɗa ba ne. Manya ne ba su daidaita ba."

"Ni shanuna sun sha yin damina a ƙasarsu, ba wanda ya ce mini kanzil. Yau kuma gawar ɗana sai manya sun daidaita?"

Kyaftin ya sunkuyar da kai. Ya ce ana ta zaman sulhu, wataƙila bayan kaka a ji wani abu. Hindatu ta ji wannan magana bara, daga bakin wani jami'in daban. Ko haushi ba ta ji ba.

Suka fito suka zauna a inuwar darbejiya. Nan ta tuna da Saje Ɗan'inna, sojan Nijar ɗan Damagaram wanda ya tallafe kan Tasi'u a mota har asibiti. Da farko yakan kira su gaisa, daga baya ya yi shiru. Ta gwada lambarsa ba tare da sa rai ba. Mace ce ta ɗauka, ta ce ita ce Ikilima matarsa.

"An mayar da shi yammacin ƙasar, 'yar'uwa, wayar ma ya bar mini," in ji ta. "An ja musu kunne kan magana da mutanen sojanku, shi ya sa kika ji shiru. Amma kafin ya tafi ya je ya nome ciyawar kabarin, ya jera duwatsu a gefe saboda ruwa. Ya ce in kun kira in gaya wa Baba."

Hindatu ta maimaita wa tsohon maganar. Sai ya ɗaga hannu ya yi wa Tasi'u addu'a, ya yi wa Ɗan'inna, ya shafa.

"Tashi mu tafi, 'yata," ya ce. "Ni na gama zuwa Dutse. In manyan sun shirya, ke kya kai 'ya'yanku."

"Baba, ko mu ƙara gwadawa bayan kaka?"

Ya girgiza kai. Ya ce gero na jiran maimai, kuma gwiwarsa ba ta son bas.

A mota aka matsa masa gefen taga. Tun kafin su fita gari barci ya ɗauke shi, baki a buɗe. Hindatu ta cire masa hula ta riƙe a cinya don kar iska ta tafi da ita.