Tsala a Gidan Mahauta

Kwana tara maigidana bai sa loma a baki ba. Zazzaɓin damina ya sake shi, amma ya tafi da cinsa, kuma kowa ya san tsohon da ya daina ci ya fara sallama ne. Na ji tsoro ƙwarai.

Mu mahauta ne a nan Mafara, mahauci kuwa magani ɗaya ya sani: nama. Ɗanmu Maikuɗi ya aiko da tozo, surukai suka aiko da romo, sai ka ce mai jego muke jinya. Ga kindirmo mai kauri daga Janbako, har da zuma, wai kada a ce an yi wa tsoho rowa. Mutumin da hanjinsa ya ƙanƙance! Da ya ji ƙamshin maiƙo sai ya juya fuska bango.

Ran Talata na yafa zanena na shiga kasuwa da kaina, tsufa ya ba ni wannan dama. Na wuce masu kindirmo, na tsaya gun mai tsala, nonon nan da aka kaɗe aka cire masa mai, wanda kuɗi kaɗan ke cika ƙwarya. Maikuɗi ya hango ni daga rumfarsa, ya taso da gudu.

"Inna, mi na na? Tsala, gidanmu? Kunya za ki ba mu cikin mutane!"

"Kai da kunyar taka ku tai can," na ce. "Da tsalar munka rayu kahin a san da kai."

Ba ƙarya na yi ba. Shekarar da aka kai ni ɗakin ubansa a Bakura, naman wasu yake talla, namu abincin dare tuwo ne da ƙoƙon tsala, tsaminta na tura loma.

Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa kuka da daddawa, ban sa ko ɗigon mai ba. Na sirka tsalar da ruwan randa. Bayan magariba na ajiye wa maigida, ban ce ya ci ba.

Ya shinshina. "Saude, wagga tsala ta?"

"Ita ta."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Har yau ba ki bar cika mata ruwa ba."

"Can da ba ka yi ƙorahi ba."

"Can da ango nike, tsoronki nika ji."

Sai ga hannunsa cikin akushi. Loma, kurɓi, loma. Na kau da kai, don kada ya ga hawayena ya samu abin tsokana.

Da na miƙa hannu zan ɗauke akushin, sai ya riƙe bakinsa gam.

"Kak ki ba kowa sauran nan," ya ce. "Ɗumamena na, na sahe."