Roƙon Saje

Gadon ya maƙale a ƙofar falo, rabi ciki rabi waje, masu dakon nan biyu sai gumi suke yi suna duban juna.

"Ku karkata shi hagu," in ji Saje daga kan kujerarta. Muryarta ta shaƙe, amma umarnin yana nan yadda aka san shi. "Hagu na ce. Kai mai jar riga, da wane hannu kake cin abinci? To ba shi ba, ɗayan."

Tela tana tsaye a bakin matakala rungume da filo da zanin gado. Shagon ɗinkinta yana ƙasa, ɗakinta kuma yana sama manne da na Saje, bango ɗaya ya raba su tun 'yar Saje tana rarrafe. Yanzu 'yar ta zama mace, tana aiki a kantin magani, ita ce ma tsaye a bayan kujerar tana ba masu dako haƙuri da ido.

Saje ba ta taɓa sa kaki ba. Tikiti ta sayar a tashar jirgin ƙasa har ta yi ritaya. Mutanen layin ne suka laƙaba mata sunan, domin ba mai zubar da ruwan wanki a hanya ko ya ajiye mota a bakin ƙofa ya kwana lafiya. Ita da Tela kuwa babu abin da ba su yi faɗa a kansa ba: igiyar shanya, ƙyallayen da ke toshe magudana, kyanwar da Tela ta taɓa kiwo. Saje ce mai faɗan, Tela ce mai shiru ta shige ɗaki ta yi ta ƙunƙuni ita kaɗai.

Da zuciyar Saje ta gaza, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, likita ya ce a koma gida a ci gaba da shan magani. Kowa ya gane abin da yake nufi, amma Saje ce ta faɗa a fili tun a cikin mota.

"Sallamata ya yi in je in mutu a gida. Ya kyauta, abincinsu ba gishiri."

Shi ya sa ta ce a fito da gadonta falo, a jingina shi da tagar da ke kallon titi. Ta ce ba za ta ƙare kwanakinta tana kallon bango ba.

Tela ta ɗauki al'adar rufe shago da rana ta hau sama ta zauna da ita har 'yar ta taso daga aiki. Takan ɓare mata lemo, ta shafa mata mai a ƙafafu, ta gyara filo. Masu dubiya suna ta zuwa, kowa ya shigo sai ya rage murya, ya zauna a gefen kujera kamar mai jiran hukunci. Wata rana matar mai gidan haya ta zo, wadda suka shekara ba sa gaisawa da Saje saboda maganar famfo. Ta riƙe hannunta ta ce, "Ai ke uwa ce a layin nan, ba wanda ya taɓa jin kanki da kowa."

Saje ta lumshe ido har matar ta fita. Sai ta buɗe ido ɗaya.

"Kin ji ko? Tun ban mutu ba sun fara yi mini ƙarya."

"Kirki ne, Yaya. Me kike so ta ce?"

"Ta ce na yi gaskiya a maganar famfon." Ta yi tari mai tsawo, Tela ta tallafe ta har ya lafa. "Zauna nan, Tela. Akwai abin da zan roƙe ki."

Tela ta zauna a bakin gado. Tun da suke, ba ta taɓa jin kalmar roƙo a bakin matar nan ba.

"Mutuwar ba ta dame ni ba. Na gaji da numfashin nan da sai na yi kokawa da shi. Wanda na cuta na kira shi na nemi yafiya, wanda ya cuce ni na yafe, har da mai famfo. Abin da ke damuna, in na tafi za su cika falon nan su ce ni mai haƙuri ce, mai sanyin hali. Yarinyar nan za ta zauna tana jin labarin wata mata da ba ta taɓa sani ba. Ni na raine ta da faɗa, da faɗa ta san ni. In suka wanke ni tas, me za ta riƙe?"

"To ni me zan yi?"

"Ki buɗe baki ki faɗi yadda nake."

Tela ta dube ta. Ita da ko mai ɗinki ya zo ya zage ta a kan rigar da shi ya ba da awo ba daidai ba, sai ta ce ya yi haƙuri. "Yaya, kin san ni ba na iya magana cikin mutane."

"Na sani. Amma kin tuna rasuwar mijinki?"

Tela ta sunkuyar da kai. Ta tuna. Mutumin da ya shafe shekaru yana shigowa gida fuska a murtuke, ya jefar da kwano in miya ba ta yi masa ba, shi aka wuni ana kira salihi, mai tausayin iyali. Ta zauna a tsakiyar mata tana jin kamar ita ce ta yi ƙaryar rayuwarta duka. Sai da kowa ya watse Saje ta shigo da kwanon abinci, ta dire a gabanta ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma mutum ne mai wuyar zama, kuma kin yi ƙoƙari. Ci abinci." A ranar ne Tela ta fara yi masa kuka na gaske.

"Na tuna," in ji ta.

"To bashi ba ne, kar ki ɗauka haka. Ke kaɗai ce kika san daɗin abin."

Tela ta ɗauki lemo ta hau ɓarewa.

Saje ta ƙara makonni. Cin abinci ya ragu, magana ta ragu, amma idonta yana kan titi. Ranar da za ta tafi, da hantsi ne, 'yar ba ta je aiki ba domin tun asuba numfashin ya sauya. Tela ta hau sama ta same su, 'yar tana riƙe da hannu ɗaya, sai ta riƙe ɗayan. A ƙasa wata motar kaya ta tsaya, direban ya fito ya bar ta a kunne, hayaƙi yana hawowa.

"Wa ya bar..." in ji Saje. Ba ta ƙarasa ba. Ta ja numfashi, ta sake ja a hankali, sai hannun ya yi nauyi a cikin na Tela. 'Yar ta dubi Tela, Tela ta gyaɗa kai, ta miƙa hannu ta rufe mata ido. Sannan ta sauka ta ce wa direban ya kashe motarsa, an yi rasuwa.

Bayan an kai ta, falon ya cika da mata. Ƙanwar Saje, wadda ta zo daga nesa, ita ta zauna a babbar kujera tana karɓar gaisuwa. 'Yar tana gefe a ƙasa, ta jingina da bango, idonta a bushe. Tun da abin ya faru ba ta zubar da hawaye ba, sai aiki take yi kamar inji.

"Baiwar Allah, ba ruwanta da kowa," in ji wata.

"Ga haƙuri," in ji matar mai gidan haya. "Ko murya ba ta ɗagawa."

Tela ta dubi 'yar. Yarinyar tana kallon ƙasa, tana murza bakin mayafinta, fuskar nan babu komai a cikinta. Tela ta ce a ranta bari wannan ta gama, sai wata ta ɗauka. Ta ce bari waccan ta gama. Can dai ta ji muryarta ta fita, siririya, kamar ba tata ba.

"Ku yi haƙuri, amma wannan da kuke faɗa ba Saje ba ce."

Ƙanwar ta juyo ta dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, yau aka binne ta. In kuna da wata a ƙasa, ai kya bari ƙasa ta bushe."

"Ba ni da komai da ita sai alheri," in ji Tela. "Ita ta sa ni. Ta ce kar a yi mata ƙarya." Ta dubi matan. "Matar nan mafaɗaciya ce. Ta taɓa kwashe shanyata duka ta zuba mini a ƙofar ɗaki don na wuce rabin igiya da ɗankwali ɗaya. Ta taɓa tsare mai kwasar shara a bakin matakalar nan ta sa shi ya koma ya share inda ya tsallake, tana tsaye a kansa. Ke kuma," ta dubi matar mai gidan haya, "ta ce in gaya miki ta yafe, amma ita ke da gaskiya a maganar famfo."

Wata tsohuwa a lungu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Matar mai gidan haya ta ce a hankali, "Ita ke da gaskiya ɗin. Bututun ne ya fashe ta wajenmu."

Dariya ta ɓalle, irin wadda ake yi ana jin kunya. Ƙanwar ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, sannan ta girgiza kai.

"Tun muna yara haka take. Ta taɓa rufe ni a banɗaki don na sa takalminta."

Daga nan kowa ya samo nasa. Wadda Saje ta kora daga layin tikiti don ta yi tsallake, wadda Saje ta je har makarantar ɗanta ta yi wa malami tatas don ya dake shi ba dalili, wadda Saje ta raka asibiti tana yi mata faɗa tun daga gida har ɗakin haihuwa.

'Yar ce ta ɗago kai a ƙarshe.

"Ranar da na ci jarrabawa," in ji ta, "na kawo mata sakamako ina murna. Ta duba ta ce, 'Wannan darasi ɗayan da makinsa ya yi ƙasa fa, barci kika yi?' Sai da na shiga ɗaki na jiyo ta ta taga tana gaya wa duk wanda ya wuce cewa na ci." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta kifa kai a cinyar Tela ta fashe da kuka. Ba wanda ya ce ta yi shiru.

Da baƙi suka watse, kwanaki suka ja, ƙanwar ta koma garinsu, 'yar ta fara saukowa shago in ta taso daga aiki, don saman ya yi mata faɗi. Wata rana da la'asar ta shigo ta ajiye jaka, ta ce, "Inna, bari in ɗan zauna," ta kishingiɗa a kan tarin yadudduka da ke bayan teburin yanka. Kafin Tela ta gama zare zare daga bakin wata riga, barci ya ɗauke ta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa.

Akwai siket ɗin da za a zo karɓa kafin magariba, saura kalmasa. Tela ta ɗora ƙafa a kan keken ɗinki, ta dubi yarinyar, ta sauke ƙafar. Ta jawo kujera bakin ƙofa inda haske yake, ta zura zare a allura, ta fara yi da hannu.